Babi na Biyar: Daga Koren Dutse zuwa Kwabo

Mai haƙar rijiya a Gagarawa Tasha ya san cikin ƙasa kamar yadda manomi ya san bayanta. Da ya kafa diga, rairayi zai fara tararwa, sai jar ƙasa, sai laka mai danƙo, sai kuma yashi mai ɗauke da ruwa bayan an nitsa gaba da yawa. Abin da ba zai ci karo da shi ba, ko da zai shekara yana haƙa, shi ne dutse mai jijiyar ma'adini. Ƙasar Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar tana gefen babban kwarin Tafkin Cadi ne, bisa shimfiɗar yashi da yumɓu da ruwa da iska suka daɗe suna jibgewa, har dutsen asali ya nitse can ƙasa. Jihar Jigawa ma da aka ƙirƙiro a 1991 daga jigayin nan ta samo sunanta.

Amma fa jan ƙarfe ya cika garin. Yana yatsan tsoho a matsayin zobe, yana hannun yarinya a matsayin awarwaro. Yana cikin kayan dokin da ake fitowa da su ranar hawan salla a Gumel, yana naɗe cikin koyil ɗin janareta da injin niƙa, yana cikin wayar da ta taso daga farantin sola zuwa batir. Ɗan gwangwan da ke tura baro unguwa-unguwa ya fi kowa sanin darajarsa: baƙin ƙarfe a buhu yake zuba shi, amma jar wayar da ya fiƙe daga tsohuwar fanka daban yake ƙulle ta, don kuɗinta ba ɗaya ba ne. Duk wannan, ko ƙwaya ɗaya ba a tono daga ƙasar nan ba. Baƙo ne, kuma harshen Hausa bai ɓoye hakan ba.

Bahaushe yana da sunaye ga ƙarfen bayan ya narke ya fito fes. Yana cewa jan ƙarfe, yana cewa tagulla, akwai kuma gaci da ta fi yawa a bakin tsofaffi. Tagulla kalma ce mai faɗin ciki: ta ɗauki jan ƙarfe zalla, ta ɗauki wanda aka gauraya da tutiya ya koma rawaya, ta ɗauki wanda aka gauraya da kuza, irin na lambar yabon da ake ba wanda ya zo na uku a gasa. Sana'ar ma an raba ta gida biyu tun da daɗewa, maƙeran baƙi masu garma da lauje da gatari, da maƙeran fari masu azurfa da tagulla. To amma dutsen da jan ƙarfen ke fitowa daga cikinsa fa? Nan sai harshe ya yi kwana, a ce dutsen jan ƙarfe, ko ma'adinin tagulla. Ba haka abin yake ga baƙin ƙarfe ba, wanda dutsensa ke da suna nasa na kansa, tama, domin tun wajen ƙarni na 7 ake narka ta a gindin Dala. Ba haka yake ga kuza ba, wadda mutanen Riruwai suka daɗe suna wankewa suna narkawa kafin Turawa su kafa kamfanoni a Jos. Tozali yana da suna, kanwa tana da suna har da iri-iri. Duk abin da Bahaushe ya durƙusa ya tono da hannunsa ya raɗa masa suna tun yana cikin ƙasa, jan ƙarfe kuwa a kasuwa ya gamu da shi, an riga an narka an zuba.

Hanyar da ya biyo a rubuce take. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Battuta, a kan hanyarsa ta komawa Maroko daga Mali, ya sauka a Takadda, garin da masu binciken kufai suka fi yarda cewa shi ne Azelik, arewa maso yamma da Agadas, kusa da Tegidda-n-Tesemt mai gishiri. Ya tarar ana haƙo jan ƙarfe a bayan gari, a kawo gida a narka, a zuba shi sanda-sanda, tsawon kowace taƙi ɗaya da rabi, wasu sirara wasu masu kauri. Masu kaurin 400 ake bayarwa a miskalin zinariya, siraran kuwa 600 zuwa 700. Su ne kuɗin garin: da sirara ake sayen nama da itacen girki, da masu kauri ake sayen gero da alkama da man shanu, har da bayi. Ya kuma ambaci inda ayari ke kai su, ciki har da Gobir da Barno. Wannan na daga cikin tsofaffin wuraren da sunan wata ƙasar Hausa ya fito a rubuce, kuma abin lura ne cewa a matsayin mai sayen jan ƙarfe ta fito.

Shekara 500 bayan haka labarin bai sauya ba, mafarin kayan ne kawai ya ƙaru. Wani matafiyin, Heinrich Barth, wanda ya zauna Kano a farkon 1851, ya ga jan ƙarfe na shigowa ta hanyar Tarabulus, wani kuma fataken Wadai na kawo shi daga wata mahaƙa da ke kudu da Darfur. Sunan mahaƙar da Larabci Hufrat an-Nahas, wato ramin jan ƙarfe. A watan Maris na shekarar ya bi ta Gumel, wadda ya tarar babbar kasuwar kanwa ce, ya wuce Kukawa. A can ya samu ana lissafin ciniki da ratal, asalinsa awon jan ƙarfe ne da aka yi kuɗi da shi a Barno a da. Ƙarfen ya daɗe da barin hannun mutane, sunan ya zauna, har ya koma ma'aunin wuri 32. Gumel kuwa masarautar Mangawa ce da ta daɗe a ƙarƙashin Barno, a bakin iyakar Barno da ƙasar Hausa take.

Abin da ayarin ke ɗauka an gan shi da ido. A 1964 Bafaranshe Théodore Monod ya kai ga wani wuri a tsakiyar hamadar Muritaniya, Ma'den Ijafen, inda wani ayari ya binne kayansa wajen ƙarni na 11 ko na 12 bai dawo ya ɗauka ba: sandunan tagulla sama da 2,000, nauyinsu ya kai kusan tan guda, tare da tarin wuri. A Durɓi ta Kusheyi kuma, a ƙasar Katsina, kaburburan manya da aka tona a 1992 sun fito da mundaye da ƙarau na jan ƙarfe da kwanonin tagulla ƙirar Gabas ta Tsakiya.

Sunayen dutsen, sai an je wurin waɗanda suka haƙa shi. Kuma kusan ko'ina da kore aka fara.

Dalilin yana nan a hannun duk mai zoben jan ƙarfe. In zafi ya yi ya yi gumi, ya cire zoben, zai ga koren zane ya kewaye yatsan. Tsohuwar butar tagulla da aka manta a lungu da damina ita ma haka take yin kore a gindi. Baƙin ƙarfe ja yake tsatsa, jan ƙarfe kore yake yi. Abin da gumi ya yi wa zobe cikin yini guda shi ne ruwan sama da iska suke yi wa jijiyar ma'adini a saman tsauni cikin dubban shekaru, sai dutsen ya fito kore shar, wani da zane-zane kamar an yanka albasa. Fiye da rabin nauyinsa, wajen kashi 57 cikin 100, jan ƙarfe ne, kuma ba ya ba maƙeri wahala: gawayi da zuga-zugi sun isa, in wuta ta haura digiri 1,085 ƙarfen zai tsiyayo. Shi ne mutanen Akjoujt a Muritaniya suka riƙa haƙowa suna narkawa ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa.

Littattafan kimiyya suna kiran wannan dutse malakait. Kalmar ta Girkawa ce, daga sunan wani ganyen miya da suke kira molokhe, kuma tun ƙarni na 1 marubucin Rum, Pliny, ya bayyana cewa kamar launin ganyen ce ta jawo sunan. Masana harshe da dama suna danganta wannan kalma da mulukhiyya ta Larabawan Masar da Sudan, wadda duk alhajin da ya ci abinci a Makka ko Jidda ya san ba wata aba ba ce illa miyar lalo. Ashe sunan da ɗalibi ke haddacewa da ƙyar a aji, in an kwance shi, bai wuce dutse mai launin lalo ba. Mutanen Sin ba miya suka gani ba, tsuntsu suka gani: suna ce masa kongque shi, dutsen ɗawisu, Japanawa ma suka ara a haka. Masu zanensu da ke niƙa shi su yi fenti suna kiran garin shilü, koren dutse. Malaman Larabawa da Farisa sun san shi da dahnaj, kuma da wannan suna al-Biruni, wanda ya rasu a tsakiyar ƙarni na 11, ya yi bayaninsa a littafinsa na duwatsu masu daraja. Mahaƙan Jamus suka ce Berggrün, koren tsauni.

Mutanen Masar ta dā kuwa kalmarsu ta kore, wadj, ita suka ba shi, kuma a ido suke sa shi. Kwalli iri biyu gare su, kore na wannan dutse da baƙi da suke kira mesdemet. Baƙin shi ne tozalin da ke cikin tandun kowace tsohuwa a Gagarawa har gobe, dutsen dalma mai ƙyalli. Baƙin ya yaɗu har ƙasar Hausa, koren bai biyo shi ba.

Inda aka ga koren, sau da yawa akwai shuɗi manne da shi, ɗan'uwansa ne na jini. Sunansa ya sha tafiya. Lazhward kalmar Farisa ce ta wani shuɗin dutse dabam da ake haƙowa a Badakhshan ta Afganistan, Larabawa suka ce lazaward, Turawa suka yar da harafin farko, Sifaniyawa suka samu azul, sunan launin shuɗi. A 1824 masanin ma'adinai na Faransa, Beudant, ya ɗauki kalmar ya liƙa wa shuɗin dutsen jan ƙarfe, ya zama azurait. Faransawa suna kuma ce masa chessylite, saboda garin Chessy kusa da Lyon inda aka samu masu kyau.

Kore da shuɗi fatar sama ce kawai. In rami ya yi zurfi ya wuce inda ruwan sama ke kaiwa, sai launi ya sauya, a shiga duwatsun da jan ƙarfe ya haɗu da farar wuta. Babbansu rawaya ne mai ƙyalli har ya kan ruɗi sabon shiga ya ɗauka zinariya ce. Sunansa na boko kalkofairait, daga kalmomin Girkanci biyu, khalkos, jan ƙarfe, da wata mai nufin dutsen da ke ba da wuta in an ƙyasta. Kashi ɗaya cikin uku kawai na nauyinsa ne jan ƙarfe, kuma sai an gasa shi farar wutar ta fita kafin a narka, amma yawancin jan ƙarfen duniya a yau daga gare shi yake. Jamusawa, waɗanda suka fi kowa tsara waɗannan sunaye a ramukansu na Saksoni da Harz, suna ce masa Kupferkies, tsakuwar jan ƙarfe. Mai duhu mai sheƙi Kupferglanz, ja kuma, wanda shi ba ya da farar wuta, Rotkupfererz, kusan kashi 89 cikin 100 nasa jan ƙarfe ne. Mahaƙan Chile, ƙasar da ke fitar da kusan rubu'in jan ƙarfen da ake haƙowa a duniya, rawayan suna kiransa bronce, wato tagulla kai tsaye.

Akwai ɗaya da ya fi sauran tara laƙabi. In an fasa shi sabo, launinsa ja-ja ne mai duhu, shi ya sa mahaƙan Cornwall a Ingila suka ce masa naman doki. In ya sha iska kwana biyu sai ya rikiɗe ya yi shuɗi da shunayya yana walƙiya, sai wasu suka ce dutsen ɗawisu. Ga inda rikicin yake: ɗawisun Bature daban, ɗawisun mutumin Sin daban. Ɗaya koren dutsen sama yake nufi, ɗaya na can ƙasa mai farar wuta, kuma narkarsu ba iri ɗaya ba ce. Ɗan kasuwar da ya fassara sunan kalma da kalma zai sayi abin da bai yi niyya ba. Irin wannan ne ya sa masana suka koma raɗa sunayen da ba su dogara da ido ba. A 1845 aka sa wa wannan dutse bornait, don tunawa da Ignaz von Born, masanin ma'adinai na daular Ostiriya. Tun 1959 kuma akwai kwamitin ƙasa da ƙasa da ke tantance kowane sabon suna, kuma ma'adinan da aka amince da su sun kai wajen 6,000.

Wani sunan kuma haushi ne ya haife shi. Mahaƙan tsaunukan Saksoni sun riƙa samun wani dutse ja-ja da ya yi kama da na jan ƙarfe, su kai wuta, ba abin da ke fitowa sai hayaƙi mai sa ciwo. Suka ce aikin wani aljanin rami ne mai suna Nickel, suka kira dutsen Kupfernickel, jan ƙarfen aljani. A 1751 wani ɗan Suwidin, Axel Cronstedt, ya gano cewa wani sabon ƙarfe ne a ciki haɗe da gubar arsanik. Ƙarfen ya ci gaba da amsa sunan aljanin, nikel.

Shi kansa ƙarfen, harsuna da yawa ta launi suka rarrabe shi, kamar yadda Bahaushe ya yi. Balarabe yana da nuhas ahmar da nuhas asfar, ja da rawaya, kuma almajiri ya san nuhas daga Suratur Rahman, ya san ƙiɗr, narkakken jan ƙarfe, daga ƙissar Zulƙarnaini da ta Annabi Sulaiman. A ƙetaren Maigatari, ɗan makarantar Nijar yana koyon cuivre rouge da cuivre jaune. Mutanen Sin suna da ja da rawaya da fari a kan kalma ɗaya, tong. Inda ake haƙarsa kuwa sunan har ƙasa yake ci. Shaba kalmar Sawahili ce ta jan ƙarfe, ita shugaba Mobutu ya sa wa lardin Katanga na ƙasar Kwango, ta zauna har 1997. A 1937 Turkiyya ta gyara sunan wani birninta ya koma Diyarbakır, don ya dace da bakır, jan ƙarfe.

Babu dai sunan da ya kai na tsibirin Kubrus yawo. Daga can Rumawa ke samun ƙarfen, suka ce masa aes Cyprium, ƙarfen Kubrus, aka gajarta ya koma cuprum, wanda ya bar haruffa biyu, Cu, a allon kowane ajin kimiyya. Daga nan Faransanci ya samu cuivre, Jamusanci Kupfer, Sifaniyanci cobre, Ingilishi copper. Talakan Ingila da wannan kalma yake kiran ƙaramin kuɗinsa na peni, ta biyo jirgin ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, ta hau jirgin ƙasa, Bahaushe ya karɓe ta ya murɗa ta koma kwabo. Lokacin da layin dogo daga Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930, Gagarawa ta samu tasha, da kwabo da taro da sisi da sule ake biyan manomin da ya kawo gyaɗa kan sikeli. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka kawo naira, sule da fam suka tafi, kwabo ya tsira ya zama sunan hukuma. Yau ba mai iya sayen ko ashana da shi, amma wanda aljihunsa ya bushe har yanzu cewa yake ba shi da ko sisin kwabo. Kalmar ta ma sake shigowa karo na biyu ta bakin 'yan gwangwan da masu naɗin koyil, waɗanda da yawansu kofa suke ce wa jar waya, ba tare da sun san ita da kwabo uwarsu ɗaya ba.

Wannan giɓi na sunan dutse a da bai cuci kowa ba, tun da ba mai haƙa. Yanzu zamani ya juya. Matasan ƙasar nan suna tafiya cirani ramukan Zamfara da Neja da Nasarawa, wasu har Jado a arewacin Nijar tun da aka ga zinariya can a 2014, suna fasa duwatsun da kakanninsu ba su taɓa gani ba. Abin da ya faru a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a 2010 ya isa tsoratarwa. A ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma an riƙa kawo dutse cikin gida ana daka ana niƙa, kowa dutsen zinariya yake ce masa, alhali cike yake da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu. Duwatsun jan ƙarfe ma wasunsu da arsanik suke tafe. Yaron da ke da kalma ɗaya tak ga duk dutse mai ƙyalli ba shi da hanyar gaya wa ɗan'uwansa wanne ne ba a niƙawa kusa da tukunya.

Ba sai an jira wani kwamiti ba. Jamusawa da mutanen Sin ba daga littafi suka fara ba, abin da ido ya gani suka faɗa, kuma Hausa ba ta gaza su ba. Malamin kimiyya a sakandaren Gumel ko Gagarawa zai iya cewa koren dutsen jan ƙarfe, da shuɗinsa, da rawayansa mai farar wuta, ya ajiye sunan boko a gefen kowanne don kada ɗawisu ya ruɗi kowa. Kayan aikin darasin ma suna gida: tozali daga tandu, ɗan guntun waya da aka bari a jiƙe ya yi kore, da tsohon kwabon nan mai huda da har yanzu ake samu a ƙasan adakar tsofaffi, wani an zura masa zare an rataya wa yaro a wuya. Wanda aka buga kafin 1952 fari ne, ba ja ba, domin kashi uku cikin huɗu ne jan ƙarfe, ragowar kashi ɗayan nikel ne, ƙarfen nan na aljanin ramin Saksoni.